Goyon Ɗan Fari

Assalamu alaikum. Wata yarinya ta rubuto a ƙarƙashin abin da na ba ku wancan karo, wai ni mugun uba ne. Ban san ki ba, 'yata, ke ma ba ki san Illela ta wancan zamani ba. Ki zauna ki ji.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Maharazu. A lokacin fataucin busasshen kifi nake yi, in saro a Kalmalo in kasa a kasuwar Illela, wani lokaci in tsallaka Ƙonni. Shekarar 1965 ce, tutar Bature ba ta daɗe da sauka ba. Matata Hindatu, tana da tsohon ciki. Ɗanmu na fari yana da shekara bakwai. Sunansa ba za ku ji shi daga bakina ba. In wani ya ambace shi a cikin labarin zan kawo yadda ya faɗa, wannan bakinsa ne.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a ɗaukarsa, ba a yi masa wasa, ba a nuna wa mutane an san da shi. Ubana ya rasu bai taɓa kiran yayana da suna ba, kuma babu wanda ya ce ba ya sonsa. Kunya ce, ita muka tarar. Tun da aka yaye yaron ya koma ɗakin Inna, mahaifiyata. In na sayo tsire sai in ce, "Inna, ga wannan, a ba mutanen ɗakinki." Ta san wanda nake nufi. Shi ma ya sani, ko kuwa haka na ɗauka.

Da damina kumburi ya fito masa a muƙamuƙin hagu. Aka ce hangum ne. Wanzami ya duba ya ce haƙori ne. Haƙoran suka fara girgiɗi, kuncin ya tura ido sama har ba a son kallonsa. Sai aka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita Bature ne, malamin asibiti yana juya magana. Suka ce ciwon daji ne, akwai wata sabuwar allura da ake yi a jijiya, a riƙa komawa bayan 'yan makonni. Suka ja kunne: ko an ga sauƙi kada a tsallake ranar allura, in aka tsallake abin yana dawowa da fushi.

Allurar ta yi aiki. Kumburin ya sace kamar an huda salka, har Inna ta yi sadakar waina.

Sai wata aba ta maye gurbinsa.

Yaron da ke kora awaki har bayan gari ya zama ba ya iya ƙetare tsakar gida sai ya zauna a gindin turmi ya huta. A ba shi fura, ya kai ludayi baki, barci ya ɗauke shi da furar a leɓe. Allonsa ya yi masa nauyi. Ya kwana, ya wuni kwance, ya tashi kamar wanda ya yi noman gayya. Ba kuka yake yi ba, ba zazzaɓi kullum ba. Kawai dai kamar an zare masa laka.

Ni na ga kumburi ya tafi, na ce ciwo ya tafi. Abin da ya rage sangarta ce ta jikan tsohuwa. Wata safiya na wuce ƙofar ɗakin Inna na gan shi nannaɗe a tabarma, rana ta take. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Inna, a hwaɗa ma na ɗakinki, namiji ba ya kwanan hantsi."

Na ji motsinsa yana ƙoƙarin tashi. Ban waiwaya ba.

Hindatu ta ce malamin asibiti ya faɗa musu maganin ne yake kawo haka, wai yana cin ciwon yana cin ƙarfin yaro tare, barci ba ya wanke irin wannan gajiya. Wai a bar shi ya ɗan taka in ya iya, ya huta in ya kasa, kada a matsa masa. Na ce to. Ni ban je na ji da kunnena ba, kasuwa ba ta barina. Wanda ya je ya ji da kunnensa Maccido ne.

Maccido tela ne, rumfarsa tana bakin kasuwa. Ɗan kawun Hindatu ne, taubashinta. Shi ya fara nemanta, mahaifinta ya ba ni. Har wannan lokaci bai ajiye mata ba, ku lura da wannan. Kullum cikin farar taguwa mai bula, hula zanna a karkace, agogo a hannu, ƙamshin turaren ɗan goma yana riga shi shiga zaure. Ni kuwa ko na yi wanka sau nawa, kifi nake yi. Tun da aka fara allurar nan yaron ba ya son ƙarnin kifi, in na gitta ta kusa da shi sai ya kau da kai, zuciyarsa ta tashi. Jakina ma ba ya iya hawa saboda haka.

Shi Maccido babu kunya tsakaninsa da kowa a gidana. Matata abokiyar wasansa ce, ɗana ɗan ƙanwarsa ne. Zai yi sallama ya zarce.

"Ina baiwar gidan ga? Ubangijinki ya iso, ba ko ruwa?"

"Bawa dai," in ji Hindatu. "Randa tana nan inda kab bar ta, hannunka ba ya ciwo."

"Dubi ciki kamar ta haɗiye tulu."

"Kai dai ka samu mai haɗiye maka ko da ɗan moɗa na, tuzurun banza."

Su yi ta dariya. Ni ina zaure ina ɗaure kifi, ina ji. Ni ba ta taɓa yi mini irin wannan dariya ba. Ba laifinta ba ne, mace ba ta ƙyaƙyata wa mijinta, na sani. Sanin bai hana abin ya dame ni ba.

Daga nan sai ya durƙusa gaban tabarmar yaron.

"Lawwali, ina gajiya?"

Duk ɗan Bahaushe ya san amsar. Ko dutse ka fasa, "ba gajiya" za ka ce. Amma sai na ji 'yar muryar nan ta ce, "Akwai ta, Kawu."

"Akwai ta? Da yawa?"

"Da yawa."

"To zuba min rabi nan cikin hula. In kai Ƙonni in saida, an ce can ta yi tsada."

Yaron ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin kumburi. Na ja igiyar kifi har ta tsinke.

Ranar allura kuwa Maccido ne ke goya shi daga gida zuwa tasha, daga tashar Sakkwato zuwa asibiti, ya dawo da shi a baya kamar tsumma. Hindatu tana biye. Na lura ranar asibiti sai ta ɗaura atamfarta shuɗiya mai zanen ganye, ta kafa kallabi, ta rambaɗa kwalli. Wa ke yi wa allura kwalliya?

Ni ba mai yawan magana ba ne.

Ranar wata kasuwa wani mutumin Ƙonni da ke sayen kifi a wurina ya tsuguna yana zaɓe, ya ce, "Af, kai maƙwabcin telan can na ko? Ina jikin ɗan nasa? Na gan shi a tasha ya goyo shi, matar tana bin su da tsohon ciki. Wallahi uba na gari, irinsu sun yi kaɗan."

Masu kifi na kusa da ni suka dubi juna. Ɗaya ya sunkuyar da kai yana gyaran abin da bai lalace ba.

Na ce, "Ya ji sauƙi."

Na ƙulle masa kifinsa.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Maccido ya yi sallama, na tare shi a zaure.

"Tsaya nan, Maccido."

"Lahiya, Maharazu?"

"Lahiya lau. Daga yau zauren ga ya ishe ka."

Ya dube ni, murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba. "Mi niy yi?"

"Ba ka yi komi ba. Gidana na."

"Gidanka na, ban musa ba. Amma jibi ranar allura ta."

"Na sani."

"To wa ka ɗaukar shi?"

"Yana da uba."

"Yana da uba," ya maimaita a hankali. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ciro wani abu daga hammata ya miƙo mini. 'Yar riga ce ya ɗinka, tsagagga ta gaba har ƙasa, da maɓallai. Ya ce, "Ɗaga hannu sama yana wahal da shi in za a sa mai taguwa. Wagga ba sai ya ɗaga ba."

Ni ban san ɗaga hannu yana wahal da shi ba. Gida ɗaya muke kwana.

Na karɓa na ajiye a kan dakali, ban yi godiya ba. Ya sa takalmansa ya tafi.

Hindatu tana tuƙin tuwo lokacin da na shiga. Ba ta ɗago ba.

"Malam, an ce ka kori Maccido."

"Na kore shi."

"Don mi?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma ya fito. "Don kwallin da kika sawa ranar asibiti."

Muciyar ta tsaya. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Kwalli? Ina sa shi don in na tuna yana idona dole in riƙe hawaye, kada su zubo baƙi yaron ya gani. Ka taɓa ganin yadda suka neman jijiya a hannun da ba shi da nama?"

Amsa ce mai kyau. Mata ba sa rasa amsa mai kyau.

Ta ce, "Ni na aje kunyata tun ranar da anka ce daji na. Ina kiran shi Lawwali gaban kowa, wanda zai yi dariya ya yi. Kai ka riƙe taka, ban hana ka ba. Amma kunya ba ta da baya, Malam, ba ta kai shi Sakkwato. Ni ga yadda nike. Inna ba ta iyawa. Wa za ya ɗauke shi?"

"Yana da ƙahwa."

Inna tana jinmu daga ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Maharazu, in ka yi rantsuwa ka yi kaffara, ka kira Maccido. Kai dai ka san ba a taɓa goyon ɗan hwari a gidan ga ba, kada ka soma ja muna abin hwaɗi."

Na ce, "Ban ce zan goya kowa ba. Zan raka su dai."

Washegari na bar kifi. Na sayi sabulu, na sayi 'yar kwalbar ɗan goma a wurin wani ɗan koli da bai san ni ba. Kada ku tambaye ni dalili. Tela ba shi kaɗai ke da hanci ba.

Ranar allura ta faɗo ranar kasuwa. Na yi wanka na dirje jikina har ya yi zafi, na sa rigata ta Salla da ba ta taɓa kusantar kifi ba, na shafa turaren. Hindatu ta shaƙa, ta dube ni. Ta sa wa yaron rigar maɓallai. Na gani, na kau da kai.

Na tsaya a tsakar gida ina kallon katanga, na ce, "A ce mai ya taka. Tasha ba nisa."

Ya dafa bango ya miƙe. Ya ce wa uwarsa, "Ina iyawa."

Na wuce gaba, yadda ya kamata, su suna baya. Ba na waiwaye, amma kunnena yana wurinsu. Ina jin jan ƙafarsa. A ƙofar masallaci ya zauna, na tsaya ina gyara hula. Ya tashi. Wajen masu fura ya sake zama, ya fi daɗewa, na tsaya ina gaisawa da wanda ba ni da abin ce masa. Uwar tana cewa, "Sannu, Lawwali, sannu, kaɗan ya rage." Ba kaɗan ya rage ba. Tasha tana ƙetaren kasuwa, kuma mota ɗaya ce ke zuwa Sakkwato, in ta tashi sai gobe, gobe kuwa ba ranar likita ba ce.

Mun kai rumfar masu goro, inda dattawa abokan marigayi ubana suke zama, sai na daina jin jan ƙafar.

Na waiwaya. Bai faɗi ba. Naɗewa ya yi a hankali kamar zanen da aka saki, ya kwantar da kuncinsa a kan ƙasa, ya rufe ido. A tsakiyar hanya, jakuna suna ratse shi.

Daga can mota ta yi oda. Ɗan kamasho yana ihu, "Sakkwato! Sakkwato za ta tashi!"

Rumfar Maccido tana kallon wurin. Na ji keken ɗinkinsa ya tsaya. Ya miƙe, ya fito bakin rumfa, zare a wuya. Bai ƙara taki ɗaya ba. Na ce zaure ya ishe shi, ya riƙe maganata fiye da yadda na so.

Hindatu ta ɗago kai. Ba ni ta duba ba. Shi ta duba.

Ku 'yan zamani kuna da sunaye da yawa na abin da ke cikin ƙirji. Ni abin da na sani, da wuƙa aka soka mini a lokacin da jini bai fito ba.

Ta kwance mayafinta ta fara naɗe shi kamar majanyi, cikin yana gabanta kamar zai faɗo. Ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Malam, ko ka kira shi, ko ka kauce in goya."

Mota ta sake oda.

Dattawan goro sun daina ciniki, duk idonsu yana kaina. Sun san ni, sun san ubana, sun san wane ne wannan yaro a wurina. Na dubi Maccido. Kira ɗaya zan yi, ko ɗaga hannu, ya taho da gudu ya ɗauke shi, mutumin Ƙonni ya sake ganin uba na gari.

Na tattare rigar Salla na durƙusa, na ba yaron baya.

Ban san yadda ake yi ba. Na tsuguna kawai kamar raƙumi. Hindatu ce ta ɗago shi ta ɗora mini, ta ɗauki hannuwansa ta sarƙa a wuyana, ta kama hannuwana ta kai su ƙarƙashinsa. Na miƙe da irin ƙarfin da nake ɗaga buhu, har na yi taga-taga, don babu abin da na ɗaga. Damin kara ya fi shi nauyi. Ina jin haƙarƙarinsa ta cikin riga.

"Subhanallahi!" in ji wani tsoho. "Maharazu, ɗan hwari na fa!"

"Ƙyale shi," in ji na kusa da shi. "Ba an ba mu 'yanci ba? Ga shi nan ya iso Illela."

Aka kwashe da dariya. Wata mai fura ta rangaɗa guɗa. Wani daga cikin masu kifi ya ce, "Maharazu, a kawo maka majanyi?" Kunnuwana suka yi zafi. Na sa ido a ƙasa na ratsa kasuwa, ta cikin masu albasa, ta cikin masu kanwa, ban gaida kowa ba.

Wajen masu tabarmi na ji ya motsa. Ya cusa hancinsa a wuyan rigata ya shaƙi turaren, ya saki jiki. 'Yan hannuwan suka ƙara riƙe ni. Tun da aka haife shi bai taɓa taɓa ni ba. Na rage sauri, ko da mota tana oda.

Bakinsa yana daidai kunnena. Idonsa a rufe, na sani, don muryar ta barci ce.

"Kawu."

Na ci gaba da tafiya.

"Kawu, kada ka hwaɗa ma Baba na kasa. Ka ce mai na kai tasha da ƙahwata."

Hindatu tana gefena, ta ji. Ta toshe baki da mayafi. Kwallin ya zubo.

In na yi magana zai gane muryar. Na ce "uhm" a can cikin maƙogwaro, yadda kowane namiji zai iya cewa. Ya sauke ajiyar zuciya ya kwantar da kai a kafaɗata. Riƙon da aka yi wa wuyana na wani ne, aro na samu. Duk da haka ban so tashar ta matso ba.

Ta matso. Gingimari ce maƙare da buhunan albasa da mutane a sama, injin yana rugugi. Ashe Maccido ya zaga ta bayan rumfuna ya riga mu, ya tsaya a ƙofar gaba ya dafe ta, yana faɗa da ɗan kamasho kada a ba kowa wurin. Da ya hango mu sai ya saki ƙofar ya miƙo hannu biyu, ya ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Yawwa, kawo shi nan! Lawwali, ga wuri na kama maka!"

Muryar Kawu ta fito daga gaba.

Na ji kan yaron ya ɗagu daga kafaɗata a hankali. Na ji numfashinsa ya tsaya a bayan kunnena. Sannan yatsun da ke sarƙe a wuyana suka fara saki.